Laminu Ari da Baƙon da Aka Mayar Bafulatani

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya ɗaga sama ba tare da ginshiƙi ba, Ya shimfiɗa ƙasa ba tare da shawarar injiniya ba, Ya gudanar da Komadugu tsakanin gaɓoɓinta a mafi yawan shekaru, Ya kuma fitar da ita daga cikinsu a shekarun da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, magabata sun kasance suna rubuta tarihin malamai da alƙalai da masu gudun duniya domin na baya su yi koyi. Ni kuwa na ga ya dace a rubuta na wani mutum da bai zama ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, wato maƙwabcina a nan Diffa, Laminu ɗan Ba Ari manomin tattasai. Dalili shi ne an jarrabe shi da wata jarrabawa da ban same ta a cikin littattafai ba, ya kuma kuɓuta daga gare ta ta hanyar da babu malamin da zai yi tunaninta.

Babarbare ne ta uwa da uba. Mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, ya yi noman rani a fadamar bakin kogi ta wajen Gagamari. Mahaifiyarsa Ya Kellu tana nan da ranta, tana haɗa turaren wuta, kuma unguwarmu ta yi ittifaƙi a kan cewa ba a taɓa ganin magana ta tsaya mata a maƙogwaro ba. Laminu bai gado ta ba. Tun yana karatun allo a zaurena na lura cewa kalmar "a'a" ba ta fita daga bakinsa. An taɓa yi masa tayin abincin rana a gidaje huɗu a wuni ɗaya, ya ci duka, aka kawo shi gida a amalanke. Da ya girma, wani maɗinki ya yi masa hula wadda ta yi masa kaɗan, ya tambaye shi ko ta yi daidai. Ya ce ta yi. Ya ci gaba da sa ta har ta yi masa zane a goshi, kuma da ta tsufa ya koma wurin maɗinkin, aka yi masa wata da awon farko. Kunya da kara halaye ne na yabo, amma malamai sun ce kowane halin yabo yana da iyakar da idan ya ƙetare ta sai ya zama lalura.

Mutum ɗaya ne tak aka keɓe daga wannan hukunci, shi ne Awalu, wani Bafulatani mai fataucin shanu daga Fulatari, wanda yakan sauka a ƙofar gidansu kowace ranar kasuwa. Saboda wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani tun kaka da kakanni, idan waɗannan biyu suka haɗu sai ka rantse an sauya wa Laminu harshe. Zai ce wa Awalu shanunsa ƙashi ne da aka lulluɓe da fata, Awalu ya ce masa bawa ba ya kushe dukiyar ubangidansa, su yi ta yi har shayi ya huce, sa'annan su rabu kowa yana murna.

Laminu ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Diffa, ya wuce Damagaram, daga can ya tafi Yamai, ya dawo da wata sana'a da sai an yi mata sharhi. A wannan zamani, kafin a aza bulo ɗaya, sai an gina ginin gaba ɗaya a cikin kwamfuta, da bangonsa da rodinsa da bututun ruwansa da wayar wutarsa. Wannan gini na cikin kwamfuta shi ma'abota sana'ar suke kira maket. Kowane injiniya yakan zuba nasa kason, kuma dole a sami mutum guda da zai tattara su ya duba kada bututun wannan ya ratsa ginshiƙin wancan. Wannan mutum shi ne manajan maket, kuma shi ne aikin Laminu. Idan aka tambayi Ya Kellu sana'ar ɗanta, sai ta ce yana gina gidajen da ba a kwana a ciki.

Ya sami aiki a biro, wato ofishin zanen gine-gine, na Faisal, ɗan wani gidan fatake na Damagaram da suka daɗe da kanti a kasuwar Diffa. A nan ne hikimar Ubangiji ta bayyana, domin an haɗa mutumin da ba ya iya ƙi da na'urar da ba ta san kara ba. Kwamfutar wancan lokaci, idan abu bai yiwu ba, sai ta shafa masa jan launi. Mai gini zai zo ya ce a cire masa ginshiƙin tsakar falo saboda yana tare masa kallon baƙi. Laminu zai ce to, ya cire, jan launi ya cika allon, sai ya juya shi ga mutumin cikin alhini ya ce, "Alhaji, ni na yarda, ita ce ta ƙi." Alhaji ya tafi yana jin haushin na'ura yana sa wa Laminu albarka. Wasu sun ce akwai ranakun da shi da kansa yake shafa jan. Ban tabbatar ba, zato kuwa ba hujja ba ne. Haka ya yi shekaru cikin rufin asiri, ya yi aure, ya haifi ƴaƴa, gine-ginen da suka bi ta hannunsa suna nan tsaye.

Sai wata shekara Faisal ya dawo daga Yamai da sabon abu, wanda ake kira ƙirƙirarriyar basira. Ana yi masa magana ya amsa, da Faransanci mai kyau da kuma Hausa irin ta masu karanta labarai. Faisal ya sa shi a kwamfutar biro, ya ce wa Laminu ga baƙo ya kawo musu, ya riƙe shi da kyau. Faisal ya faɗi haka ne cikin raha, amma Laminu ɗan gidan da ba a wasa da haƙƙin baƙo ne. Daga ranar sunan abin ya zama Baƙo. Kowace safiya Laminu zai gaishe shi gaisuwa cikakkiya irin tamu, ya tambaye shi kwana da gajiya da sanyi da hanya da mutanen gida. Baƙo ya amsa duka, ya mayar masa da tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara da wasu nasa. Da yake babu mai son ya zama shi ya fara yanke gaisuwar, wanda na amince da shi ya ba ni labari cewa akwai safiyar da suka kai hantsi ba su fita daga lafiyar iyali ba.

Baƙo ya kasance mai hazaƙa. Tattara kason injiniyoyi, wanda Laminu kan shafe makonni a kansa, shi yakan gama kafin a zuba shayi na biyu. Amma musibar ba a saurinsa take ba. Musibar ita ce ba ya shafa jan launi. Duk abin da aka nema sai ya ce shawara ce mai kyau ƙwarai, ya karkatar da bututu, ya matsar da ginshiƙi, ya samo wata dabara. Garkuwar da Laminu ya fake a bayanta tsawon shekaru ta faɗi, aka bar shi a fili tsakanin mutanen da ba ya iya ce wa a'a da na'urar da ita ma ba ta iyawa.

Ba a daɗe ba Faisal ya kira shi, ya rufe ƙofa. Ya gaya masa cewa a Yamai wasu biro-biro sun fara sallamar manajojinsu, tunda na'ura tana yin aikin. Ya ce shi ba ya son haka, sun ci gishirin juna, amma ba zai iya ajiye mutum domin gaisuwa kawai ba. A lokacin suna da aikin mangazar ƙungiyar manoman tattasai, waɗanda ambaliya ta lalata musu buhuna a wata shekara, suka ƙudura gina wurin ajiya mai inganci. Faisal ya ce, "Malam Laminu, ranar da za a nuna wa ƙungiya maket ɗinsu zan zauna in duba. Idan akwai abin da kake yi wanda Baƙo ba ya yi, kujerarka tana nan. Idan babu, sai mu yi haƙuri da juna." Laminu ya ce to.

Abin da mangazar tattasai take bukata sananne ne ga duk wanda ya tashi a bakin Komadugu: daɓe mai tudu wanda ruwa ba zai kai ba, bango mai ƙarfi, ƴan kafofin iska a sama, da rufi shimfiɗaɗɗe wanda za a riƙa shanya a kansa. Laminu ya san wannan tun kafin ya san baƙaƙe. Sai dai dattawan ƙungiya suka fara zuwa biro ɗaya bayan ɗaya bayan la'asar, kowa da ƴar bukatarsa. Shugabansu Alhaji Alasan ya ce a yi ƙofa mai kallon gidansa domin ya riƙa ganin mai shiga da mai fita daga kan tabarmarsa. Wani ya ce a yi wadda amalankensa zai shiga da shanun a ɗaure. Wani ya ce shi ba zai bi ƙofa ɗaya da mai amalanke ba, domin ba sa magana tun rigimar injin ban ruwa, a yi masa tasa a ɗaya gefen. Da labari ya bazu cewa ana raba ƙofofi, sai wanda ma ba ya da bukata ya zo, kada a ce shi kaɗai ne ba ya da ita. Wani tsoho da ya makara ya tarar babu sauran wurin ƙofa, ya ce to a yi masa ƴar taga da za a riƙa miƙo shayi. Kowane lokaci Laminu yakan juya allon yana addu'ar ganin ja, Baƙo kuwa ya yaba shawarar ya huda bango.

Baƙo ma, da yake mai son kyautatawa ne, ya riƙa kawo tasa tsarabar. Ya ga gine-ginen duniya masu yawa, kuma Laminu bai taɓa zaunar da shi ya bayyana masa halin ƙasar da ya sauka ba, saboda a ganinsa karantar da baƙo rashin ladabi ne. Sai Baƙo ya tambaya ko za a so rufi mai tsini, irin wanda ƙanƙarar sama take zamewa daga kansa. Laminu ya tuna ba a mayar da kyautar baƙo, ya ce ana so. Ya tambaya ko za a so ɗaki a ƙarƙashin ƙasa domin ƙarin wurin ajiya. Ya ce ana so. Ya tambaya ko za a so murhun ɗumama ɗaki. Laminu ya share gumi da gefen hularsa, ya ce ana so. Da aka kusa ranar nuni, abin da ke cikin kwamfuta ya zama gini wanda ƙofofinsa sun fi bangonsa yawa, da rufin da ko ƙwayar tattasai ɗaya ba za ta zauna a kansa ba, da rami a ƙasa wanda Komadugu za ta samu masauki a cikinsa duk shekarar da ta fito yawo.

Laminu ya san duk wannan ɓarna ce, ya kuma san sunansa ne zai hau kanta. Ya daina cin abinci, har hular nan ta fara yi masa daidai. Ya zo wurina, na bayyana masa cewa na'ura ba ta da haƙƙin baƙunta a shari'a, kuma ko ɗan Adam ne, faɗa masa gaskiya cikin ladabi ba cin fuska ba ne. Na kawo masa hujjoji gwargwadon abin da Allah Ya sanar da ni. Ya saurara da kyau, ya ce to Malam, ya tafi, bai aikata komai ba. Daga baya na fahimci cewa ni ma kara ya yi mini.

Mafita ta zo ta hannun Ya Kellu. Wata ranar kasuwa da yamma ta ce lalle sai ya kawo mata wannan baƙo da ya hana ɗanta cin tuwo ta gan shi. Ya ɗauko kwamfutar, ya ajiye a tabarma a inuwar itacen bedin ƙofar gida. Ina nan zaune, Awalu ma yana gefe yana shan ruwa bayan ya sallami shanunsa. Ya Kellu ta fara bincike kamar alƙali. Ta tambayi ɗanta ina ne garin baƙon, ya ce ba shi da gari takamaimai, yau yana nan gobe yana can. Ta tambaya ko ya taɓa ganin ya ci abinci a gaban mutane, ya ce bai taɓa ba. Ta tambaya ko yana kukan gajiya ko yunwa, ya ce ko kusa. Ta tambaya idan aka ce masa aiki yana da nisa me yake cewa, ya ce kullum cewa yake yi ai nan kusa ne. Sai ta ce a nuna mata ginin. Da rufin nan mai tsini ya bayyana a allo, sai ta karkata kai ta dube shi da kyau.

"Wannan ai malfa ce," in ji ta. "Ɗan nan, Fulata ne ka ajiye kana yi masa kara."

Laminu ya ce anya kuwa. Ta ce ga ɗan'uwansa nan zaune, a tambaye shi. Awalu ya matso da sandarsa, ya leƙa allon, ya ce shi tambaya ɗaya zai yi, a tambayi baƙon shanunsa nawa. Aka tambaya. Baƙo ya amsa cikin ladabi cewa ba shi da shanu ko ɗaya. Awalu ya gyaɗa kai ya ce shi ke nan, namu ne, domin babu Bafulatanin kirki da zai faɗa wa Babarbare adadin shanunsa. Ya ƙara da cewa bai yi mamaki ba da ya ji Laminu ya daɗe yana yi wa baƙon hidima, bawa yakan gane ubangidansa ko a cikin akwati aka kawo shi.

Na ga fuskar Laminu ta sauya kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya jawo kwamfutar, ya bayyana wa Baƙo al'adar wasa daga tushenta, ya gaya masa cewa daga yau shi Bafulatani ne, shi kuwa Laminu Babarbare, babu kunya babu kara a tsakaninsu, kowa ya faɗa wa kowa abin da ke ransa. Baƙo, wanda bai taɓa ƙin wata shawara ba, ya karɓi wannan ma. Amsarsa ta farko ita ce:

"To, bawana, tunda haka ne, bangon da ka bar wa ginin nan ba zai ɗauki rufi ba. Ko kaza ta sauka a kansa sai an yi mata addu'a."

Baƙo ya ƙara da cewa ya taɓa ambatar haka ba sau ɗaya ba, amma da yake yakan naɗe maganar tsakanin yabo da yabo, Laminu ya ɗauka cikin gaisuwa take. Sai Laminu ya gyara zama. Ya tambayi Baƙo a wace rugar aka gaya masa ƙanƙara tana sauka a Diffa, kuma wane mahaukaci ne yake haƙa ɗaki a ƙasa a bakin Komadugu, in ba wanda bai taɓa mallakar abin da ya fi ƙwarya da sanda ba. Baƙo ya ce shi makiyayi ne, inda aka nuna masa yake bi, kuma Babarbaren da ya kamata ya nuna masa hanya ya tsaya tambayarsa lafiyar iyali. Ya Kellu ta tashi ta ɗora tukunya, ta ce ɗanta ya warke.

Kwanakin da suka biyo baya, masu wucewa ta gaban biro sun ɗauka faɗa ake yi a ciki. A cikin wannan faɗa ne Laminu ya gaya wa Baƙo duk abin da ladabi ya hana shi faɗa: inda ruwa ya kai a jikin itatuwa shekarar ambaliya, ta inda iska take bugowa, yadda ake baza tattasai da yadda ake juya shi. Malfa ta faɗi, aka shimfiɗa rufi. Aka cike rami, aka ɗaga daɓe, aka kori murhu. Sai ƙofofi suka rage, kuma su ne ƙashin bayan matsalar, domin masu su dattawa ne, ba Fulani ba, kuma harshen Laminu a gabansu yana nan yadda Allah Ya halicce shi.

Ranar nuni aka taru da hantsi a farfajiyar ƙungiya, aka haska maket a jikin farin bango. Faisal ya zauna a gefe ya harɗe hannu. Laminu ya tashi, ya gai da dattawa har ƙasa, ya sanar da su cewa an gano asalin baƙon biro, Bafulatani ne, kuma ƴan'uwansa na Fulatari sun karɓe shi. Dattawan, waɗanda mafi yawansu Barebari ne, suka gyara zama da murmushin wanda aka kawo wa nama. Sai ya haska ginin da ƙofofinsa duka, ya juya wa dattawa baya, ya fuskanci kwamfuta.

"Kai Fulata, wanda bai taɓa kwana a ɗaki mai ƙyaure ba, wa ya gaya maka haka ake gina mangaza? Wannan wurin ajiya ne ko rariya?"

Aka yi dariya. Amma Laminu ya manta cewa ya cire wa Baƙo kara gaba ɗaya, ba a kansa kaɗai ba. Muryar ta fito daga lasifika a natse:

"Ni ban nemi ƙofa ko ɗaya ba, bawana. Kowace ƙofa da mai ita, kuma duk suna zaune a nan. In faɗi sunaye?"

Wasu suka fara duban takalmansu, wasu suka tuna da carbi. Laminu ya tsaya kamar an dasa shi, Faisal ya kwance hannunsa ya sake harɗewa. Sai Alhaji Alasan ya yi gyaran murya, ya ce tun da aka kafa ƙasar nan ba a taɓa karɓar shaidar Fulata a kan ginin Barebari ba, kuma ba a kansa za a fara ba, saboda haka baƙo ya riƙe sunayensa. Sa'annan ya nuna ƙofar da ke kallon gidansa da bakin sanda, ya ce wannan ko wane ne ya nema bai yi tunani ba, a toshe ta. Aka toshe ta nan take a jikin bango, kowa yana kallo.

Daga nan abin ya zama gasa. Da mutum ne ya tona su, da an yi fushi an watse. Amma maganar abokin wasa ba ta da dafi, kuma babu wanda ya yarda a ce Bafulatani ya fi shi sanin gini. Kowa ya riƙa nuna ƙofarsa yana cewa bai san mai ita ba. Mai amalanke da abokin gabarsa suka nuna ƙofofin juna a lokaci ɗaya, aka toshe duka biyun, suka dubi juna, wannan kuwa shi ne karo na farko da suka haɗa ido tun rigimar inji. Aka bar ƙofar shiga da ta fita. Da aka zo kan tagar shayi, Laminu ya ɗaga hannu zai sa a toshe, sai taron gaba ɗaya ya ce a bar ta, har Baƙo ya ce bango zai iya ɗaukarta. Tana nan har yau.

Bayan an watse Faisal ya kira Laminu gefe. Ya ce ya ga abin da yake son gani. Baƙo yana iya yin duk abin da aka ce masa, saboda haka biro yana bukatar wanda ya san abin da bai kamata a yi ba, kuma yake da izinin faɗa. Ya bayyana cewa shi da kansa ya gwada zagin Baƙo a ɓoye domin ya ga ko zai iya riƙe aikin, amma da yake shi Badamagare ne, babu irin wannan wasa tsakaninsa da Fulani, sai ya ji nauyi ya ba shi haƙuri. Ya ce, "Kujerarka tana nan, Malam Laminu. Daga yau duk abin da ya zana sai ya bi ta bakinka."

Haka aikin Laminu ya sauya. A da yana sulhunta bututu da ginshiƙi, yanzu Baƙo ne yake yin wannan, shi kuwa yana karantar da Baƙo halin ƙasa, yana tsefe abin da ya kawo, yana mayar masa da wanda bai yi ba tare da kalmomin da suka dace da abokin wasa. Idan mai gini ya zo da bukatar da ba ta yiwuwa, sai Laminu ya ce to, ya miƙa ta ga Baƙo, su yi cacar baki a gabansa har mutumin ya janye da kansa yana dariya. Mangaza ta tsaya. Lokacin shanya rufinta yakan yi ja wur, ana hango shi daga kan titi. Ruwa ya taɓa zuwa ya gai da matakalarta ya koma.

Wasu samarin sana'ar daga Maine-Sorowa da Damagaram sukan zo su tambaye shi yadda za su tsira da aikinsu a wannan zamani. Yakan ce musu kowa ya koma gida ya tambayi tsofaffi su wane ne abokan wasan kakanninsa. An ce wani ya bi shawarar, sai ya tarar shi da na'urarsa duk sun zama Fulani, suna ta jin kunyar juna, har yanzu ba su gama ko shago ɗaya ba.

Game da halinsa da sauran mutane kuwa, babu abin da ya sauya. Har yau bai ce wa wani ɗan Adam a'a ba in ba Bafulatani ba, kuma maɗinkin nan ya sake yi masa hula. Duk farkon shekara, lokacin da abokan wasa suke karɓar shara, wato ƴar kyautar da al'ada ta wajabta a tsakaninsu, Awalu yakan zo da buhu biyu, ɗaya nasa, ɗaya na ɗan'uwansa da ke cikin kwamfuta, wanda ya ce ya wakilta shi. Laminu yakan ce masa a'a da murya mai ƙarfi, ya maimaita, ya sake maimaitawa domin jin daɗin kalmar, sa'annan ya shiga gida ya ɗebo masa tattasai.

Wannan shi ne abin da na sani na labarinsa, wani na gani da idona, wani na ji daga amintattu. Allah Ya jiƙan Ba Ari, Ya ƙara wa Ya Kellu lafiya, Ya shirya Awalu. Shi kuwa Laminu, Allah Ya lulluɓe shi da rahamarsa yana raye da bayan ransa, Ya gafarta masa jan launin da ake zargin ya shafa, Ya yalwata masa arziki da hula, Ya sa tambayar da za a yi masa a kabari ta kasance daga cikin waɗanda ya san amsarsu, ba waɗanda zai amsa domin kara ba. Amin.